Mai Aski Tsakanin Magani Biyu

Kawuna mai aski ne. Shagonsa na bakin titi, tsakanin mai gyaran takalma da wani ɗan kantin sabulu. Ɗaki ɗaya ne, da kujera ɗaya, da dogon benci na masu jiran layi, da madubin da gefensa ya fara dusashewa. Kujerar irin mai juyawar nan ce, amma tun ina firamare ta daina juyawa, sai dai shi ya riƙa zagaya ta. Mutanen layin Ba-Garaje suke kiransa, domin in ka zauna a gabansa to ka manta da agogo. Zai duba kanka ta goshi, ya duba ta ƙeya, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗauki almakashi. Mai sauri yakan wuce shagon gaba inda samari ke aski cikin kiɗa. Wanda ke son a gyara masa gemu da aska har ya yi gyangyaɗi, wajen Kawu yake zuwa.

Akwai halinsa da kowa ya sani: bai iya cewa a'a ba. An taɓa kawo masa tsarabar hula da ta yi masa kaɗan, ya wuni da ita a ka tana matse shi har ta yi masa shaida a goshi, don kawai mai kyautar ya gan shi da ita in ya wuce. In gishiri ya yi yawa a miya, shi ne mai cewa a ƙara masa.

Tsakanin yayarsa da matarsa ya yi rayuwarsa. Yayar ita ce Umma, mahaifiyata. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau da furfurarsa Auta take ce masa. Matarsa kuwa Malama ce, ta daɗe tana koyar da lissafi a firamare kafin ta yi ritaya, mace ce da ko cokali ta ajiye sai ta daidaita masa zama. Ita da Umma ba sa faɗa. Gaisuwa suke yi mai tsawo, irin wadda kana ji ka san kowa na auna kowa.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Turare ne ya fara tona shi. Kawu na da wani turare da yake ɗan ɗiga wa mutum a wuya bayan aski, sai aka wayi gari yana zuba shi kamar mai ban ruwa. Direba, abokinsa tun na ƙuruciya mai jan motar haya, ya fito daga shagon wata rana fasinjoji suka yi ta atishawa har tasha.

"Ba-Garaje, aure za ka ƙara mini ne?" in ji shi da ya dawo.

Kawu ya shinshina kwalbar ya ce, "Turaren yanzu duk ruwa ne, ba ya ƙamshi."

Turaren lafiyarsa ƙalau, hancin ne ya daina ji.

Daga baya sai hannun dama. In yana zaune ba ya komai, babban yatsa ya riƙa murza ɗan'uwansa kamar mai jan carbi. Da ya ɗauki almakashi sai abin ya tsaya, saboda haka ya koma kullum da wani abu a hannu, ko mataji ko buroshi. Fuskarsa ta daina sakin dariya kamar da, har Malama ta ɗauka fushi yake yi da ita, ta yi ta binciken laifinta ba ta samu ba. Muryarsa ma ta yi ƙasa.

Ranar da abin ya fito fili, Direba ne a kan kujera, an shafe masa haɓa da kumfa, ya rufe ido. Kawu ya kai aska maƙogwaronsa, hannun ya ƙi tafiya. Bai yi rawa ba, ƙagewa ya yi kamar an ɗaure shi. Kawu ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na wani. Can ya janye a hankali, ya ajiye askar, ya sa tawul ya goge kumfar.

"Yau da kilifa za mu ƙarasa," ya ce.

Direba mutum ne da ko a wajen ta'aziyya sai ya sami abin tsokana. Amma ranar, da aka gama, sai ya ajiye motarsa, ya zagaya gida ya sami Malama.

Ni na kai su asibiti. Likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi mace ce mai fara'a, ba ta wuce sa'ata ba. Ta sa Kawu ya yi tafiya a baranda ya dawo, ta sa ya riƙa haɗa yatsu yana buɗewa, ta lanƙwasa gwiwar hannunsa tana jin yadda take turjewa. Sannan ta zauna ta dube shi.

"Baba, ciwon nan ana kiransa Fakinsan."

"Ɗan wane gida ne?"

Ta yi dariya. "Sunan likitan da ya fara bayyana shi ne, ya daɗe da rasuwa."

"Allah sarki. Da sai in ce ya zo ya ɗauki abinsa."

Ta yi mana bayani dalla-dalla. Akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke yi wanda ke sa gaɓoɓi su bi umarni ba gardama, to wurin da ke yin sa ne yake lalacewa a hankali. Maganin da za ta ba shi ba ya warkar da ciwon, cike gurbin abin da ya ragu yake yi.

"Kamar man da kake ɗiga wa kilifa ne, Baba. Ba ya mai da ita sabuwa, amma tana aiki."

Malama ta karɓi zancen ƙwayoyin kamar an ba ta sabon aji. Ta sayo ɗan akwatin roba mai gida-gida, ta saita ƙararrawa a wayarta da tasa, kuma ko minti ba ta bari ya wuce. Cikin 'yan makonni Kawu ya dawo. Ƙafarsa ta daina jan ƙasa, dariyarsa ta koma fuskarsa, ya sake ɗaukar aska.

Umma dai ba ta gamsu ba.

"Wane irin magani ne wanda mai shi da bakinta ta ce ba ya warkarwa?" ta tambaye ni. "A yi ta ɗura wa yaro ƙwaya har ranar da zai koma ga Allah?"

Yaron nan a lokacin jikokinsa sun fara zuwa makaranta.

Umma na da ɗan lambu a bayan ɗakinta, na'ana'a da su ganyen shayi da wasu tsirrai da ita kaɗai ta san amfaninsu, kuma mun sha warkewa daga mura da ciwon ciki a hannunta. Tana da ƙawa a kasuwa, wata tsohuwa mai sayar da saiwoyi. Ita ta gaya mata cewa tun zamanin iyayensu ana bai wa mai makyarkyata 'ya'yan ƙarara. Ƙarara tsiro ce mai yaɗo, 'ya'yanta kamar wake, amma kwansonta na da wani gashi wanda in ya taɓa fatar mutum ƙaiƙayi zai sa ya manta sunansa. Umma ta karɓo iri ta shuka a jikin katanga, ba ta gaya wa kowa ba, don ta san abin da za mu ce. Ta yi ta ba shi ruwa wata da watanni. Da ya nuna ta tsinke da hannunta, ta ɓare, ta soya, ta daka, ta tankaɗe. Duk wannan sai daga baya na ji.

Wata rana da hantsi ta isa shagon da fulas a ƙarƙashin mayafi. Ta jira mai askin da ke kan kujera ya fita, ta zuba garin da ta dama da ruwan ɗumi da zuma a kofi.

"Sha, Auta. Waɗancan ƙwayoyin kuma ka bar su haka."

Kawu ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga hannayenta. Daga yatsu har gwiwar hannu sun kumbura, duk sawun susa, wani wurin ya fashe. Ya karɓi kofin.

"To, Yaya."

Da azahar ƙararrawar wayarsa ta buga, Malama ta kira ta ji ko ya sha.

"To, Malama," ya ce, ya haɗiye ƙwayar.

Haka aka ci gaba. Da hantsi fulas, sauran lokuta akwatin roba. Da farko ma jikinsa ƙara sakewa ya yi. Malama ta kira ni tana cewa kin gani, abu in an bi shi da ƙa'ida ai sai ya yi. Umma kuma in na je gaishe ta sai ta yi wani murmushi ta ce, "Auta ya samu sauƙi. Ku dai ku yi ta karanta bayan kwali."

Sai wani sabon abu ya ɓullo. Kawu yana zaune a benci kafaɗarsa ta riƙa juyawa, kansa na lilo, ƙafarsa na wasa da kanta. Direba ya ce ashe kiɗan samarin shagon gaba ya daɗe yana shigarsa, yanzu ne ya fito. Wata rana abin ya yi tsanani har ya kasa riƙe mataji, wata rana kuma shiru kamar ba shi ba. Dalili kuwa cokalin Umma da zuciyarta yake tafiya: ranar da ta ga ya yi mata kama da mai gajiya sai ta cika shi ya yi tozo. Ga tashin zuciya, ga jiri. Kawu bai gaya wa kowa ba. Rannan ya miƙe daga benci zai tari wani da ya shigo, duniya ta juya masa, ya faɗi, girarsa ta daki bakin wurin wanke hannu. Direba ya sauke fasinjojinsa ya ba su haƙuri, ya kwashe shi sai asibiti.

Da na isa an riga an ɗinke girar an manna filasta. Malama na tsaye a dama da gadon, Umma na zaune a hagu, Kawu na tsakiya kafaɗarsa na ta aikinta. Likitar ta dube shi da kyau, ta juya wajen Malama.

"Mama, ko an ƙara masa yawan ƙwayoyin? Wannan motsin na wanda magani ya yi wa yawa ne."

"Ni?" in ji Malama. "Likita, lissafi fa na koyar."

"To Baba, akwai wani abin da kake sha bayan wannan?"

Kawu ya kalli silin. Ya kalli dama, ya kalli hagu.

"Likita, in mutum ya faɗi gaskiya a nan, kuna da gadon da za ku ɓoye shi har ƙura ta lafa?"

"Ni ce," in ji Umma. Ta kwance bakin wani ƙyalle daga jakarta, ta zuba 'ya'yan a tafin hannu. "Ni nake ba shi wannan. Amma ai ya bar ƙwayoyin tuntuni."

"Ya bar me?" in ji Malama.

Su biyun suka juyo gare shi a tare. Kawu ya ja mayafin gado har ƙirji.

"Kowaccenku ta ce in sha," ya ce. "Na sha."

Na ɗauka likitar za ta yi faɗa. Sai ta jawo kujera ta zauna kusa da Umma, ta ɗauki ƙwara ɗaya ta juya ta, ta tambayi yadda kwanson yake da yadda ake sarrafa shi. Umma ta amsa tana ɗaure fuska, a shirye take da rigima.

"Mama, kin san wani abu? Sinadarin da ke cikin ƙwayar da na ba shi, shi ne a cikin wannan. Tsoffin da suka gaya miki ba su yi ƙarya ba. Har yanzu masu bincike na nazarin tsiron nan, musamman saboda wuraren da ƙwayar ke wuyar samu."

Umma ta gyara zama. "Kun ji ko?"

"Bambancin shi ne ma'auni. Ƙwayar an auna ta, ta yau daidai take da ta gobe, kuma an haɗa ta da wani magani da ke rakiyarta har ƙwaƙwalwa don kada ta ɓata a hanya ta tayar da zuciya. Wannan kuwa ƙarfinsa ya danganta da ƙasar da aka shuka shi, da yadda aka soya, da yadda aka cika cokali. Haɗa su biyun kuma kamar mutum biyu ne su zuba wa tukunya ɗaya gishiri, kowa na zaton ɗayan bai zuba ba."

Umma ta buɗe baki za ta ƙara cewa kun ji ko, idonta ya sauka kan filastar da ke girar Kawu. Ta daɗe tana kallonta.

"Ashe ni na kayar da shi," ta ce a hankali.

Na san Malama, na ga bakinta cike yake da magana, jere a kan layi kamar 'yan aji. Daidai lokacin Umma ta ɗaga hannu za ta share ido, mayafinta ya zame, tabon susa ya bayyana tun daga wuyan hannu. Malama ta kalla. Ta haɗiye abin da ta shirya.

"Yaya," ta ce, "da kin gaya mini, ai da ko safar hannu na ba ki."

Likitar ta ce a dakatar da garin, ta sake daidaita ƙwayoyin, jikin Kawu ya lafa. Umma ta koma gida ta tumɓuke ƙararar nan har saiwa, ta daina zuwa shagon. In an ce mata Auta na gaishe ta sai ta ce tana amsawa, ta kama wani aikin. Abinci ma tsakura take yi. Kawu ya jure na ɗan lokaci, sannan ya ce in zo in kai shi wajenta.

Mun shiga gidan lafiya, muka ratsa tsakar gida. Da muka kai ƙofar ɗakin Umma sai ƙafafunsa suka manne a ƙasa. Likitar ta taɓa gaya mana cewa masu ciwon kan yi haka, musamman a bakin ƙofa, amma ban taɓa gani ba sai ranar. Jikinsa na son shiga, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Ya tsaya riƙe da ƙyaure, gumi na tsattsafo masa. Na kama hannunsa na ja, abin ya ƙara ƙagewa.

Umma na zaune a kan darduma tana kallo. Sai ta miƙe ta zo gabansa, ta ɗan sunkuya, ta fara tafa hannu a hankali, bugu bayan bugu.

"Ta-ta, Auta. Ta-ta. Taho, ta-ta."

Ƙafar dama ta ɗaga ta bi tafin. Ta hagu ta biyo. Umma na ja da baya tana tafi, shi yana bin ta, har tsakiyar ɗaki. Ya zauna a bakin gado yana haki.

"Haba Yaya," ya ce, "a gaban yarinya?"

Umma ta yi dariya har da hawaye, shi ma haka, ni kuwa na fita na ba su wuri.

Da muka koma asibiti na ba likitar labari. Ta ce sananne ne, bugun da ke tafiya daidai yana taimaka wa ƙafa ta tuna hanya, kuma tafiyar ƙasa kullum magani ce da babu ita a kwalba. Ta dubi Umma ta ce wannan aikin ba ta ga wanda zai iya shi kamarta ba. Tun daga nan kowace safiya mutanen layin ke ganinsu: tsohuwa a gaba da mayafi, tsoho a baya da sanda, daga gida zuwa bakin makaranta su dawo. In ya maƙale ta juyo ta tafa masa, ba ruwanta da masu kallo. Malama ce ke gaya mata lokacin da maganin ke fara aiki don su fita daidai, Umma kuma ta koma kawo ganyaye daga lambunta ana sa masa a miya saboda ciwon kan ɗaure ciki, amma sai ta fara nuna wa Malama, Malama ta ɗauki hoto ta tura wa likita. Ba wai Umma ta sauka daga kan bakanta ba ne. Duk baƙon da ya zo sai ta gaya masa cewa ƙwayar nan da ake ta yabo, ai a wajenmu suka gani suka sa mata kwali.

Shekaru suka shuɗe, ciwon na tafiya da sannu-sannunsa. Kawu ya koma aiki a sa'o'in da maganin ke riƙe da shi kawai. Tsoffin masu zuwa wajensa suka saba, in sun leƙo sai su ce, "Ba-Garaje, ya kama?" In ya ce bai kama ba su zauna a yi hira, in ya ce ya kama Direba ne ke fara hawa kujera, wai in askar za ta yi kuskure gara ta yi a wuyan da ya riga ya ci duniya. Ba ta taɓa yi ba. Kawu da kansa ya san ranar da ya kamata ya tsaya. Ba wanda ya ce masa komai, ya wanke askarsa, ya naɗe ta a tawul, ya miƙa shagon ga wani magidanci mai aski da aka tasa daga wurin da yake sana'a. Shi kuma ya koma kan benci, yana karɓar gaisuwa yana gyara wa mutumin riƙon almakashi da ido.

Amma fa bai yarda mutumin ya taɓa kansa ba. Wanzami ba ya son jarfa. Tun yana saurayi shi ke yi wa kansa aski da madubi biyu, yanzu hannu ya ƙi, gashi kuwa ya taru har hula ta daina zama. Aka yi rarrashi, aka yi tsokana, ya ce shi lafiyarsa lau.

Malama ce ta gaji. Wata safiya bayan sun dawo daga tafiya ta fito da kujera tsakar gida, ta ɗaura masa zane a wuya, ta jona kilifa. Umma ta riƙe madubi. Malama ba ta taɓa riƙe kilifa ba a rayuwarta, ta sa tabarau, ta cije leɓe.

"Daga ƙeya ake farawa," in ji Kawu. "Ki bi kwanciyar gashin. A'a, ba haka ba, wannan ai noma kike yi."

"Malam, ka tsai da kanka."

"Da zan iya tsai da shi ai da ba mu san likita ba."

"Kin bar tsibiri a bayan kunne," in ji Umma.

"Yaya, madubi aka ce ki riƙe."

Da aka gama, kan ya fito wani wuri fili wani wuri daji. Kawu ya duba ta gaba, ya sa aka juya masa madubi ya duba ta ƙeya. Sannan ya sa hularsa ya ce in kai shi shago. Muna isa Direba ya fizge hular, benci ya kaure da dariya.

"Ba-Garaje, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Kawu ya karɓi hularsa ya mayar a hankali.

"Wata sabuwar ɗaliba ce na ɗauka," ya ce. "Hannunta na ɗan rawa, amma za ta iya."